Kilo Ashirin da Uku

A cikin duk mutanen da ƙasar Hausa ta taɓa aikowa Saudiyya, Dokta Zaharadden ne kaɗai bai zo sayayya ba. Ibada ta kawo shi, sai kuma tarihi. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da tarihi a wata kwalejin horar da malamai, kuma a tsawon shekarun nan ya gano cewa abin da ya hana al'ummarmu ci gaba shi ne akwati. Mutum zai taso daga Funtuwa, ya keto hamada da teku, ya iso ƙasar da aka saukar da wahayi, sannan ya koma gida da bargo. Dokta ya faɗi haka a aji, ya faɗa a wuraren ɗaurin aure, ya kuma faɗa wa Zubaidatu, 'yar yayarsa, a waya, wata biyu kafin ya taso umra.

"Jirgi ya ba ni akwati biyu, kowanne kilo ashirin da uku," in ji shi. "Ɗaya ya ishe ni har ya yi mini yawa. Ɗayan naki ne, ki cika shi."

A duk jawabin, wannan kaɗai Zubaidatu ta riƙe.

Shekararta tara a Jidda. Umra ita ma ta zo bayan rasuwar mijinta, jirgin ya koma, ita ba ta koma ba. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, ba ta da kafili mai tsaya mata. Tana da ɗaki ɗaya a bayan wani gida a unguwar Mahjar da tukwane uku, tana dafa tuwo da miyar kuka, kullum kafin azahar a kai wa leburorin Madinar Masana'antu. Ta bar 'yarta ta fari, Sajida, tana da shekara goma sha biyu, a hannun yayarta Rabi'atu. An aurar da yarinyar Zubaidatu tana kallo a waya. Yanzu Sajida na da ciki, saura mata mako uku, kuma kwalin da Zubaidatu ta aika ta hannun masu kago, 'yan jigilar kaya, bara sai da ya yi wata bakwai a hanya, ya isa da rabin cikinsa. Saboda haka akwatin Kawu ne kaɗai zai iya riga haihuwar isa gida.

Wata biyu ta yi tana cika shi. Rigunan jarirai, safa, huluna, tawul, shawul. Sai na mai jegon: bargo mai kauri, babban fulas na ruwan zafi, abaya biyu, takalmi, turaren wuta, man zaitun, dabino. Kowace mace a Mahjar tana da sikelin rataye mai ƙugiya, amma Zubaidatu ta daɗe da wuce buƙatarsa. Shekara tara tana aika saƙo ta hannun alhazai, kafaɗarta ta haddace kilo. Ta sa, ta cire, ta sake sawa, har akwatin ya tsaya cif a ashirin da uku, ta zuge shi ta jingina a bango.

Kawu ya iso Jidda daga Makka ranar Alhamis da hantsi, jirginsa sai Juma'a da yamma. An sauke shi a majalisi, wato ɗakin baƙi na masu gidan da take haya. Akwatinsa, wanda ya ce zai yi masa yawa, sai da Sa'ud ɗan mai gidan ya yi nishi kafin ya fito da shi daga mota. Zubaidatu ta ɗan ɗaga hannun akwatin kamar mai gyara masa tsayuwa. Ashirin da uku, babu ragi.

"Na Hajiya Asma'u ne," in ji Kawu, yana nufin matarsa. "Takarda ta ba ni, na miƙa wa matan ayarinmu suka cika. Ni ko buɗewa ban yi ba. Wannan saƙo ne, ba sayayya ba."

Da ya ci tuwo ya huta, sai ya tambaye ta ko sau nawa ta shiga Balad, tsohon garin Jidda.

"Ban taɓa ba, Kawu."

Ya ajiye kofin shayi. Shekara tara a bakin Bahar Maliya, a ƙofar da kakanninmu suka shigo Makka ta cikinta, ba ta taɓa zuwa ta ga gidajen ba. Ya ce wannan shi ne ciwon da yake magana a kai. Zubaidatu ba ta ce masa mai zama ba takarda ba ya fita yawon buɗe ido ba. Ba ta ce masa tun ƙarfe huɗu na asuba take tsaye ba. Ta ce to, ta je ta saka abaya.

Sa'ud ne ya kai su bayan la'asar. Shekararsa talatin da bakwai, haifaffen Jidda, yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito. Kakansa ya taso daga ƙasar Haɗejiya da ƙafa, kuma Hausar da ta rage a bakin jikan ita ma kamar da ƙafa ta zo, ta gaji, Larabci na tallafe da ita.

"Ya Daktor, Balad zahma, cunkoso," in ji shi yana neman wurin ajiye mota. "Mu yi sa'a biyu, halas."

"Ba a auna tarihi da sa'a," in ji Kawu.

"Wurin ajiye mota ana aunawa."

Suka shiga ta wajen Bab Makka da ƙafa. Kawu a gaba, da farar jallabiya da hular Zanna, hannu a baya. Sa'ud a gefensa. Zubaidatu a baya, taku uku, idonta na neman masu kaki. Iskar tana da gishiri da danshi, irin wadda ke manna abaya a baya. Gidajen kuwa, ko ita mai gajiya sai da ta ɗaga kai. Bene hawa huɗu, hawa biyar, an gina da dutsen da aka ciro daga teku, sun karkata suna jingina da juna kamar tsofaffi a sahun salla. A fuskar kowanne akwai tagogin katako masu sassaƙa da suka turo kai waje, wasu kore, wasu ruwan ƙasa, wasu an tokare su da ƙarafa ana gyara.

"Rawashin ke nan," in ji Kawu. "Mace tana ciki, tana ganin titi, titi ba ya ganinta. Iska na shiga, rana ba ta shiga. Kin ga hikima?"

Zubaidatu ta ce ta gani. A ranta tana tunanin wadda ke goge ƙurar duk waɗannan ramukan.

Ya tsayar da su a gaban wani ƙaton gida da ake kira Gidan Nasif, ya yi minti ashirin yana bayani. Matakalar gidan, in ji shi, an yi ta da faɗi har raƙumi na hawa da kaya. Itaciyar da ke ƙofar gidan kuwa, an ce akwai lokacin da ita kaɗai ce itaciya a garin, har masu aiko wasiƙa na rubuta gidan da ke da itaciya. Turawa biyu na ɗaukarta hoto. Zubaidatu ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Kawu, ai darbejiya ce."

"Darbejiya mai tarihi."

"Akwai irinta shida a ƙofar gidanku."

"Ba wanda ya rubuta su a littafi."

Littafin ma bai yi nisa ba. A wani shago mai sanyi da ƙanshin gahawa, Kawu ya ci karo da shi: ƙaton littafi mai bangon kwali, cike da hotunan Jidda ta dā, jiragen ruwa masu filafilai, alhazai na sauka a kwale-kwale. Ya buɗe, ya gyara tabarau, ya ce wa Sa'ud ai ga kakanka nan, yana nuna wani baƙin mutum da ƙunshi a ka.

"Wannan ya yi kama da ɗan Sudan, ya Daktor."

"Duk ɗaya ne."

Ya saya. Littafi ba kaya ba ne, ilimi ne. Mai shago ya sa shi a jaka, Kawu ya miƙa hannu, Zubaidatu ta riga shi. Ba a barin babba da kaya a hannu ƙarami na tafe hannu sake. Jakar na sauka a yatsunta ta san kilo uku ne. Ta yi lissafi da sauri: 'yar jakar hannun Kawu na ɗauke da magungunansa da Alƙur'ani da caja, in an matsa littafin zai shiga. Ba komai.

Suka kutsa Kasuwar Alawi. Lungu ne matsattse mai rumfa, turare da kayan yaji da yadi da tasbaha, masu shaguna na kiran "Hajji, Hajji, zo ka gani" da Hausar da suka koya don ciniki kawai. Wasu mata alhazan Najeriya na jan jakunkuna cike da barguna. Kawu ya tsaya ya kalle su da tausayi.

"Kin gani? Sun zo tashar da ta karɓi alhazai sama da shekara dubu, abin da suka gani bargo."

Zubaidatu ta kalli bargunan. Nata ya fi su kauri.

Wata 'yar motar lantarki ta wuce da baƙi, sai ga masu kaki biyu suna tafe a hankali. Ta matsa bayan Kawu ta rungume jakar. Suka wuce ba su ko dube ta ba. Ta lura cewa mace mai bin dattijo ɗauke da kayansa ba ta jan idon kowa. A duk yinin, wannan ne kaɗai amfanin da littafin ya yi mata.

Sun yi sallar magariba a Masallacin Shafi'i, ita a ɓangaren mata, inda ta samu ta miƙe ƙafa minti goma. Tafin ƙafarta na zugi. Ta so a ce limamin ya ja doguwar sura. Da ta fito, ta tarar da Kawu riƙe da wani allon katako mai sassaƙa, tsawon kamu biyu, a naɗe da jarida.

"Daga jikin taga ta gaske," in ji shi. "Mutumin ya ce gidan ya fi shekara ɗari biyu."

Sa'ud ya sunkuyo wajenta; Khala yake kiranta, wato inna. "Ya Khala, akwai ashirin irinsa a bayan shagon. Gidan nan taga kawai gare shi."

Ta karɓa. Kilo huɗu. Kuma ba abin da zai shiga jakar hannu ba ne. Daga nan ta daina kallon gidaje. Tana tafe tana buɗe akwatinta a zuci. In ta cire dabino da man zaitun, biyu da rabi. In ta ƙara takalmi da abaya ɗaya, huɗu. Dabino akwai shi a Funtuwa. To. Sajida za ta sami bargo da fulas da abaya ɗaya da turare. Ba laifi. Ta gyara riƙo ta bi su.

Kawu ya ce sai ya ga tashar jiragen ruwa, inda alhazan dā ke sauka. Sa'ud ya ce babu ita, an cike wurin da ƙasa tun kafin a haife shi, tekun ya ja baya, sabuwar tashar kuma ba a shiga sai da takarda. Kawu ya ce masanin tarihi ba ya buƙatar ganin abu kafin ya gan shi. Suka fita ta yammacin garin, suka tsaya a bakin wani babban titi. Can nesa, bayan katanga, ƙarafan ɗaga kwantena sun miƙe sama da jajayen fitilu. A gabansu kuwa filin ajiye motoci ne.

"A nan," in ji Kawu, ya nuna wata farar mota mai ɗaukar kaya. "A daidai nan kakanninmu suka taka ƙasa. Sa'ud, shekara nawa kakanka ya yi a hanya?"

"Sab'a. Bakwai. Ya yi noma a Chadi, ya yi auduga a Sudan, ya hau jirgi a Sawakin."

"Me ya zo da shi?"

"Wallahi ba komai. Mata ɗaya da zazzaɓi."

"Ka gani? Ba akwati." Kawu ya juya wajen Zubaidatu da fuskar wanda ya ci muhawara. Ita tana tsaye da kilo bakwai, igiyar jaka ta shige cikin yatsunta.

A hanyar komawa mota ne suka bi ta shagon Ammu Badr. Wani rami ne a ƙasan tsohon gida, cike da kayan da suka gaji: butocin gahawa, makullai masu tsatsa, rediyo, takubba, agogon bango da ba ya tafiya. Ammu Badr na zaune a kujera yana shan shayi, dattijo ne mai haƙuri irin na wanda ya san kowane yini Allah na aiko masa da mutum ɗaya. Ya dubi Kawu, ya ga hular da tabarau, ya ga mai ɗauke da kaya a baya, ya tashi tsaye.

Wata fitila na rataye a bango. Fitilar jirgin ruwa ce ta tagulla, girman tulu, da gilashi mai kauri da marfi da zobe a sama. Kawu ya tsaya a gabanta kamar ya ga ɗan'uwansa da ya ɓace.

Ammu Badr ya yi magana da Larabci a hankali, Sa'ud na fassarawa ba da son ransa ba. Daga jirgin alhazai take, irin masu tasowa daga Sawakin. Ta haska wa Takari, alhazan ƙasashenmu, hanya. Ya daɗe yana ƙin sayar da ita saboda yana jiran wanda ya san darajarta.

"Ya Daktor," in ji Sa'ud da Hausa, "a sitonmu ana kawo irinta a kwali, goma sha biyu-biyu. Sabuwa ce. Ana jiƙa ta a khal, ruwan tsamin nan, ta yi kore."

"Kai ɗan zamani ne, ba ka san tsohon abu ba. Zubaida, ɗaga ki ji."

Ta ajiye littafi da katako, ta kama zoben. Bakwai. Bakwai da 'yan kai. Ta ji nauyin ya bi hannunta ya sauka har cikin ƙirjinta, ya zauna a kan bargon.

"Da nauyi, Kawu," in ji ta. Iyakar abin da ta iya ke nan.

"Yauwa. Na yanzu gwangwani ne. Wannan zan ba ɗakin karatun kwalejinmu, a rubuta sunana a ƙasa. Ɗalibai su ga abin da ya haska wa kakanninsu."

"A ina za ka sa ta?" in ji Sa'ud.

"Akwati biyu gare ni."

"Ɗaya cike da na Hajiya. Ɗaya na Khala." Sa'ud ya dube ta, ya ga ta sunkuyar da kai, ya ɗauka tsoro ne, sai ya shigar mata. "Kayan Sajida ne a ciki, ya Daktor. Bintaha. 'Yarta. Za ta haihu. Wata biyu Khala na haɗawa, matata Wafa' ta raka ta kasuwa sau huɗu. Khala, ki faɗa masa mana."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Zubaidatu ta gode mata. Sajida 'yar fari ce. A inda aka haifi Zubaidatu, uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta nuna ta damu da ita, ba ta tsaya mata a gaban manya. In an yi maganarta sai ta kau da kai kamar ana zancen 'yar maƙwabta. Shekara ashirin da ɗaya ba ta taɓa furta sunan a gaban wani babba ba. Ko a waya da Kawu, cewa ta yi akwai ɗan saƙo na wajen Yaya Rabi'atu. Yanzu ga ɗan Jidda ya kwance mata zane a tsakiyar shago, yana cewa ta buɗe baki ta yi wa ƙanin mahaifiyarta gardama a kan bargon 'yarta.

Kawu ya juyo. Ba mugu ba ne. Da ta ce masa e, da wataƙila ya mayar da fitilar bango, ya yi mata jawabi a kan bargo har mota, shi ke nan.

"Zubaida, akwai abin da ya matsa a ciki ne?"

Sa'ud na kallonta. Ammu Badr na kallon shayinsa.

"Babu, Kawu," in ji ta. "Tarkace ne kawai."

"Khala."

"Sa'ud, ka bari."

Kawu ya yi murmushi, ya dafa kafaɗar Sa'ud. "Ka ga abin da kuka rasa a ƙasar nan? Kunya. Shekara tara a cikin Larabawa, tarbiyyar gidanmu ba ta goge ba. Uwa ta gari ba ta rawar kai a kan 'yar fari. Yarinyar ma tana da miji, tana da dangi, me za ta rasa?" Ya juya ga Ammu Badr. "Kam?"

Wannan kalmar, wato nawa ne, ita ce kalmar Larabci ta farko da Zubaidatu ta ji ya yi amfani da ita a wajen salla.

Sa'ud ne ya ɗauki fitilar zuwa mota, yana magana da kansa da Larabci. Kawu ya ce tunda an fito, a bi ta bakin teku a ga marmaron nan mai harba ruwa sama. Aka bi. Zubaidatu ta ga Bahar Maliya karo na farko ta gilashin mota, baƙin ruwa mai faɗi da fitilu a gefe, da farin ginshiƙin ruwa can a tsakiya yana tashi yana zubewa. Iyalai sun shimfiɗa darduma suna cin abinci. Kawu na bayanin Fir'auna. Ita fitilar na kan cinyarta saboda kada gilashin ya fashe, zoben na dukan gwiwarta duk inda motar ta taka birki.

"Ya Khala, ni ban gane ba," in ji Sa'ud bayan sun sauke Kawu a majalisi ya shiga alwalar isha'i. "Kalma ɗaya. 'Yarki ce."

"Shi ya sa."

"Ya biya kuɗin ƙarin kaya mana."

"Ka ji shi ai a mota. Bai taɓa biya ba, ba zai fara a kan tsufa ba."

"To wallahi ni zan faɗa masa gobe."

"In ka faɗa, ka tozarta ni sau biyu. Je ka, Wafa' na jiranka."

Washegari Juma'a ba ta dafa tuwo, masana'antu na hutu. Bayan ta kai wa Kawu koko da ƙosai, ta dawo ɗaki ta kwantar da akwatin a tabarma ta buɗe shi. Wafa' ta shigo ta zauna a bakin katifa, ta riƙe mata sikeli.

Kilo goma sha ɗaya ake nema, na katako da fitila. Littafin ma da aka gwada, jakar hannun Kawu ta ƙi rufuwa, ya aiko da shi. Goma sha huɗu ke nan.

"Ki cire na jaririn," in ji Wafa'. "Jariri bai san komai ba."

"Wa zai kai su daga baya? Sai bayan aikin Hajji. Lokacin sun yi masa kaɗan."

Akwai kuma gilashin fitilar. Dole a naɗe shi da abu mai laushi, a cusa wani a ciki, a tokare gefe da gefe. Rigunan jarirai da tawul da shawul sun dace da aikin kamar don shi aka ɗinka su. Ta cusa safa da huluna a cikin fitilar, ta naɗe ta da tawul biyu, ta kwantar da ita a tsakiya.

Bargon ne ya fara fita, kilo biyar a tashi ɗaya. Fulas ya bi shi. Dabino, man zaitun, takalmi. Abaya ta farko. Suka rataya akwatin a ƙugiya su biyu suna nishi: ashirin da huɗu da rabi. Abaya ta biyu ta fita, baƙa mai ɗinkin zare ruwan toka a hannu, wadda ta zaɓa bayan ta sa Rabi'atu ta auno mata tsawon yarinyar da igiya. Ashirin da uku da ɗari huɗu. Ta tsaya tana kallon kwalbar turaren wuta. Ta juya ta a hannu. Ta buɗe, ta zuba kaɗan a leda, kamar cikin cokali uku, ta ƙulle, ta tura cikin wata safa a cikin fitilar. Sauran ta ajiye a tabarma.

Ashirin da uku.

Kawu ya leƙo bayan ya dawo daga masallaci, ya ga tulin kaya a tabarma, ya ga akwatin a zuge.

"Ya shiga duka?"

"Ya shiga, Kawu."

"Kin gani? In an cire abin da ba dole ba, wuri na samuwa." Ya dubi bargon ya girgiza kai, amma saboda ranar tafiya ce ya yafe mata jawabin. Ya yi mata addu'a mai tsawo, Allah ya ba ta takarda, Allah ya mayar da ita gida lafiya, ya ce zai gaya wa dangi ya same ta cikin rufin asiri da kunyarta. Ta durƙusa ta amsa. Sa'ud ya ɗauki akwatunan biyu ya kai mota bai dubi kowa ba.

Ba ta raka su filin jirgi ba, can wurin masu kaki ne. Ta tsaya a bakin ƙofa har motar ta sha kwana, ta koma ciki.

Wafa' ta ce akwai wata mata a unguwar Madain Fahd da za ta tafi Kano bayan Hajji, za ta tambaye ta ko tana da wuri. Zubaidatu ta ce Allah ya kai mu. Ta ɗauki waya ta danna wa Rabi'atu saƙon murya. Ta gaishe ta, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta ce Kawu ya taso, akwai 'yan kayan jariri a cikin akwatinsa, a je a karɓa kafin a kai fitilar makaranta, a duba cikinta da kyau, har cikin safa. Ta dubi tulin kayan da ke tabarma, wayar na ci gaba da ɗauka.

"Ita kuma mai jegon," in ji ta, "ki ce mata ban samu na yi mata komai ba bana. Ta yi haƙuri."

Ta saki maɓallin, saƙon ya tafi. Ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado, ta fara ninke abayar.